Filin shingaye na atisaye

Filin shingaye fili ne da ake jera cikas kala-kala a kan hanya ɗaya, mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarshe, yawanci ana duba agogo. Da Turanci ana ce masa obstacle course, da Faransanci kuma parcours du combattant. Akwai katangar da za a haura, igiyar da za a kama a hau, rami, gungumen da za ka taka ka wuce ba tare da ka faɗo ba, sai wanda ya fi ba sabon kurtu wuya, wato jan ciki a ƙarƙashin waya mai ƙaya, ƙirji cikin taɓo, da ka ɗaga kai kaɗan ta kama maka riga.

Asali dai harkar soja ce. Wani hafsan sojan ruwan Faransa, Georges Hébert, wanda aka haifa a 1875, shi ya tsara horon da ya ginu kan gudu da tsalle da hawa da rarrafe, daga nan filayen sojan Faransa suka samo fasalinsu, wasan parkour, wato gudu da tsallake katanga da gine-gine, shi ma jikan wannan horon ne. A gasar sojoji ta duniya mai wasanni biyar tsawon filin mita 500 ne, shingaye 20.

Ba ƙarfin jiki kaɗai ake gwadawa ba fa, kuma nan ne mutane ke kuskuren fahimta. Wata katangar da gangan ake yinta yadda mutum ɗaya ba zai iya haurawa ba sai wani ya ba shi kafaɗa, na sama kuma ya miƙo hannu ya jawo na ƙasa, to a nan ake gane mai tsoro da mai son kai da wanda za a iya dogara da shi. Masu bautar ƙasa a Najeriya suna ɗanɗana irin wannan a sansani, hannun ƴan Man O' War, ƙungiyar sa-kai mai horo irin na soja.

Yanzu abin ya zama wasa har da kasuwanci. Gasar shingaye ta Sasuke ta fara a talabijin ɗin Japan a 1997, gasannin tseren shingaye na Tough Mudder da Spartan Race suka zo a 2010, kuma a Olamfik ta 2028 shingaye ne za su maye gurbin hawan doki a pentathlon, wato gasar da ta haɗa wasanni biyar.

A maganar yau da kullum masu Turanci da Faransanci suna aron sunan ga duk wata hidima mai cike da wahala, misali neman takarda a ofis inda daga wannan tebur sai a tura ka wancan.