Waiwaye: Daga gatarin aradu zuwa dalar Masar, yadda aka daɗe ana musu a kan aikin dutse

Duk wanda yake yawo a intanet ya san irin bidiyoyin nan da ake nuna dalar Masar ana cewa wai ba mutane ne suka gina ta ba, wasu halittu ne daga sararin samaniya. Ni dai abin dariya yake ba ni, don in ka waiwaya baya za ka ga wannan musun ba yau aka fara ba, kusan duk sanda ɗan Adam ya ci karo da aikin dutse na mutanen da sai ya nemi wani ya jingina masa, ban da masu aikin.

A fara da ƙaramin. Manomi yana huɗa sai garma ta tono wani dutse mai sulɓi, baki ɗaya da kaifi kamar gatari, to shi ne gatarin aradu, kuma ba a wuri ɗaya aka yi wannan imanin ba, a Turai da Asiya da Afirka duk an yarda cewa tsawa ce take jefo shi, har a Turai ana soke shi a rufin ɗaki wai maganin aradu. A 1797 wani Bature John Frere ya ga irin duwatsun nan a ramin da ake haƙar ƙasar bulo a Hoxne ta Ingila, ya rubuta cewa makamai ne na mutanen da ba su san ƙarfe ba, babu wanda ya kula shi. Shi kuma Boucher de Perthes, ma'aikacin kwastan ne a garin Abbeville na Faransa, ya yi shekaru yana tsinto su tare da ƙasusuwan dabbobin da tuni sun ƙare a duniya, ana ta yi masa kallon mai taɓin hankali, sai a 1859 da masana suka taso daga Ingila suka gani da idonsu sannan aka ce ashe mutumin nan gaskiya ya faɗa.

To daga nan aka shiga tono, kuma sai sawu ya yi ta komowa gabashin Afirka. Masu binciken asalin ɗan Adam, Louis Leakey da matarsa Mary, sun shafe shekaru masu yawa suna tono a kwazazzabon Olduvai na Tanzaniya. A Gona ta ƙasar Habasha an samu kayan dutse da masana suka ƙiyasta shekarunsu miliyan 2.6, sannan a 2011 aka samu na Lomekwi a gaɓar tafkin Turkana a Kenya, su kuma miliyan 3.3.

Kar ka ji an ce kayan aiki ka ɗauka wani abu ne na a zo a gani, in ka gan shi a hanya ma tsallake shi za ka yi. Amma gwada yi ka gani. Sai ka samu dutsen da yake fashewa kamar kwalba, irin dutsen ƙanƙara, ka riƙe shi a hannun hagu, ka ɗauko wani mulmulalle ka doki gefensa a karkace, ba tsakiya ba, in ka dace sai wani ɓallin ya fita siriri da kaifin da zai yanka fatar dabba, in ba ka dace ba kuma yatsanka ne zai gaya maka. Daga baya, wajen shekara miliyan 1.7 da suka wuce, aka fara sassaƙa wani mai siffar ganyen mangwaro, an feƙe shi gaba da baya, ɓangaren dama daidai da na hagu, kuma abin mamaki an yi sama da shekara miliyan ɗaya ana yin sa kusan iri ɗaya daga Afirka har Indiya da Turai. Kaga wannan ba haɗari ba ne, koyarwa ce, babba yana yi yaro yana kallo.

Akwai wani dutsen da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba, dutsen niƙa. Da aka fara noma shi ya koma babban injin gida. A Abu Huraira da ke ƙasar Siriya an tono ƙasusuwan mutanen farkon noma, aka ga na matan sun lalace a babban yatsan ƙafa da gwiwa da ƙasan baya, saboda durƙuson niƙa na awoyi kullum. Ana ta labarin maharba da mashi, alhali ga wadda ta ciyar da gari nan a durƙushe.

Shi kansa sunan zamanin dutse wani ɗan Denmak ne, Christian Thomsen, ya yaɗa shi a 1836, da yake jera kayan gidan tarihi na Kopenhagen ya kasa su uku, na dutse, na tagulla, na ƙarfe. Sunan ya zauna amma akwai ɗan zalunci a ciki, don mutanen nan sun yi aiki da itace da fata da igiya, sai dai gara da ruwa sun cinye, dutse ne kawai ya rage ya ba da shaida. A 2023 ma an ba da rahoton wasu gungume biyu da aka sassaƙa aka haɗa su a Kalambo ta Zambiya, shekarunsu wajen 476,000, laka ce ta adana su.

Sai maganar gini, inda musun ya fi zafi. A Göbekli Tepe ta Turkiyya akwai ginshiƙai na dutsen farar ƙasa masu siffar harafin T, wasu sun haura mita 5, an zana musu dila da kunama da maciji, kuma an kafa su shekara wajen 11,500 da suka wuce, lokacin ko tukunyar ƙasa ba a fara ginawa a yankin ba balle ƙarfe, da dutse aka sassaƙa dutse. A Masar kuwa dalar farko ita ce ta sarki Djoser a Saƙƙara, mai hawa shida, wadda ake danganta gininta da Imhotep, babban bafaden sarkin, sannan babbar ta Giza ta sarki Khufu mai tsayin mita 146 a asalinta, da tubalan dutse kusan miliyan 2.3. Masu cewa ba mutane ba ne, wallahi da za su ɗan yi karatu da sun huta, don a 2013 an samu takardun wani shugaban lebura mai suna Merer a Wadi al-Jarf a bakin Bahar Maliya, mutumin yana rubuta aikinsu rana bayan rana, yau mun yi lodin dutse a Tura, gobe mun bi kogin Nilu da jirgi mun kai Giza, kamar dai rajistar ɗan kwangila. Kuma a Aswan har yanzu ga wani dogon ginshiƙi nan kwance a mahaƙa, mita wajen 42, ana cikin sassaƙa shi ya tsage aka watsar, ga alamun dukan da aka yi ta yi masa da ƙwallayen baƙin dutse a jikinsa. Halittar da ta iya keto sararin samaniya ai ba za ta zauna tana dandaƙar dutse da hannu ba har ya tsage mata.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na Zimbabwe. Ganuwa ce ta dutse da kakannin Shona suka gina tsakanin ƙarni na 11 da na 15, wani wurin tsayinta ya kai mita 11, an jera duwatsun ɗaya kan ɗaya ba laka ba siminti, kuma sunan ma ma'anarsa gidajen dutse. Da wani Bajamushe Karl Mauch ya isa wurin a 1871 sai ya ce ai wannan fadar Bilkisu ce ta Saba, wasu suka ce Finikiyawa ne, wato tsoffin fataken teku na yankin Lebanon, kowa dai ban da baƙar fata. David Randall-MacIver ya tona a 1905 ya ce aikin 'yan ƙasa ne, Gertrude Caton-Thompson ta sake tonawa a 1929 ta ce haka ne, amma gwamnatin Turawan Rodeshiya, sunan ƙasar a lokacin, ta ƙi, don in ta yarda to hujjar mulkinta ta rushe, har sai da Peter Garlake, masanin da yake kula da wuraren tarihi na ƙasar, ya bar ta a 1970 saboda ya ƙi canza magana. Da aka samu 'yanci a 1980 sai aka ɗauki sunan kangon aka raɗa wa ƙasar, tsuntsun dutsen da aka samu a wurin kuma aka sa shi a tuta.

Yanzu kam ba kasafai ake gini da gundumemen dutse ba, siminti ya karɓe, sai dai shi ma simintin dutsen farar ƙasa ne aka niƙa aka ƙona, a kwaɓa shi da yashi da tsakuwa. Wanda ya yi rajistarsa a 1824, wani magini Joseph Aspdin a garin Leeds, da ya tashi sa masa suna sai ya ce Portland, don in ya bushe yana kama da dutsen tsibirin Portland da ake gina manyan gine-ginen Landan da shi, kuma har yau in ka duba jikin buhun siminti za ka ga sunan a rubuce.