Agogon Nutso: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Saya

An rubuta "30m" a bayan agogona. Zan iya nutsewa mita 30 da shi?

A'a. Lambar nan ta matsin da aka yi wa agogon ce a ɗakin gwaji, yana ajiye ba motsi, robobinsa sababbi fil. Mai 30m yayyafi da fantsamar wanke hannu kawai yake jurewa. Mai 100m ya isa iyo. Agogon nutso na ainihi shi ne wanda ya cika ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 6425, kuma za ka ga an buga masa "Diver's 200m" ko makamancin haka. Ana gwada shi da matsin da ya ɗara na rubuce da kashi 25 cikin ɗari, wato mai mita 200 sai ya jure na mita 250. Dole a iya karanta shi cikin duhu daga nisan santimita 25, ya kuma jure gishiri, bugu da maganaɗisu.

Mene ne amfanin zoben da ke juyawa a bakin gilashi?

Ƙirga mintoci. Ka daidaita alamarsa da dogon hannu, sai ka riƙa karanta lokacin da ya wuce. Irin wannan zobe ya shahara tun 1953 da Fifty Fathoms na Blancpain da Submariner na Rolex. A na zamani hagu kaɗai yake juyawa: in ya bugu da wani abu ya goce, zai nuna lokaci ya fi tafiya, mai nutso ya fito da wuri maimakon iskarsa ta ƙare a ƙasa. A tudu kuwa, da shi ake auna dahuwar shinkafa.

Mai batir ko otomatik?

Mai batir ya fi daidaito, kuskurensa kamar daƙiƙa 15 zuwa 20 ne a wata. Otomatik (wanda motsin hannu ke tafiyar da shi, ba batir) mai sauƙin kuɗi, irin injin 4R36 na Seiko, yakan yi kuskuren da ya kai haka a rana ɗaya, kuma in ka ajiye shi ya wuce awa 40 zai tsaya. Ga mai yawan shiga daji, mun fi son mai cajin haske kamar Citizen Promaster Eco-Drive, domin ba a yawan buɗe bayansa.

Ta ina ruwa ke shiga, tunda an ce ba ya shiga?

Nan ne gizo ke saƙar. Ƙananan zobban roba ne ke tare ruwa: a murfin baya, a gilashi, da kuma maɓallin saita lokaci. Zafi, sabulu da turare suna busar da su har su tsage. Saboda haka kada ka yi wanka da ruwan zafi da agogo a hannu. Ka sayi mai maɓallin da ake murɗawa ya kulle kamar noti, ka tabbata ya ɗaure kafin ka taɓa ruwa, kada kuma ka ja shi agogo na jiƙe. Yawancin ɓarna wurin canjin batir take faruwa: a buɗe, a mayar da tsohuwar roba a karkace ba a shafa mata man silikon ba. Ka nemi a sa sabuwa, a gwada matsi duk shekara ɗaya ko biyu. In ka ga gumi a cikin gilashi bai tafi ba, kai shi gyara ranar, tsatsa ba ta jira.

Girma da maɗauri fa?

Faɗin milimita 38 zuwa 42 ya dace da yawancin hannuwa. Maɗaurin fata ba ya shiri da alwala sau biyar a rana, ruɓewa yake yi ya yi wari. Ka ɗauki roba, sarƙar ƙarfe ko nailan irin na NATO, wanda ko ɗaya daga cikin ƙananan sandunan da ke riƙe maɗauri ta karye agogon ba zai faɗi ba. Gilashin safaya ya fi jure karce. Bawul ɗin fitar da iskar hiliyam kuwa na ma'aikatan da ke kwanaki a ƙarƙashin teku ne, kada ka ƙara ko kwabo dominsa.