Tambayoyi da amsoshi kan aikin daraktan fim ɗin gaskiya mai zaman kansa

Wane ne darakta mai zaman kansa?

Shi ne wanda ba ma'aikacin gidan talabijin ko wani kamfani ba ne, shi yake zaɓar labarinsa, ya nemo kuɗi, ya ɗauka, ya tace. Inda ya bambanta da daraktan Kannywood shi ne ba ya rubuta wa kowa abin da zai faɗa, domin mutanen da ke cikin fim ɗinsa rayuwarsu ta zahiri suke yi.

A ina matashin Bauchi zai koyi wannan sana'a?

Mafi kusa ita ce Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya wadda aka kafa a 1979. Wasu kuma a hannun ubangida suke koyo, suna riƙe masa fitila da makirfo.

Me ya fi wahala a aikin?

Mutane sukan ce kuɗi, amma a ganina samun yardar jama'a ya fi wuya. Wanda zai yi fim a kan manoman da ke maƙwabtaka da gandun dajin Yankari, waɗanda giwaye ke shiga gonakinsu, dole ya fara da gaishe da mai gari, ya yi ta zarya babu kyamara, har sai sun tabbatar ba zai tozarta su ba. Kafin nan damina ta wuce, ga kuɗin mota sun ƙare. Saboda haka da yawa suke ɗaukar bikin aure da tallace-tallace domin su riƙe gida, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Ina ake nuna fim ɗin idan an gama?

A bukukuwan fina-finai irin su Zuma a Abuja da iREP a Legas, sai kuma YouTube. Ya kamata dai a fara komawa da majigi ƙauyen da aka yi ɗaukar.

Yaya batun adanawa?

Nan ne abin ya fi damuna. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976, daga littafin ɗan Bauchi Sa Abubakar Tafawa Balewa, ya shafe shekaru ana ɗauka ya ɓace, sai da aka gano shi aka gyara, sannan aka nuna shi a Balin ta Jamus a 2018. Matashin da aikinsa na shekara uku yake cikin kwamfuta ɗaya tak, ya yi kwafi biyu yau, ya ajiye ɗaya a wani gida dabam.