Mota ta mutu a hanya ta ƙi tashi: me za ka fara dubawa?

'Yan uwa direbobi da masu motoci, akwai raunukan da mu ma'aikatan lafiya muke gani waɗanda ba karo ne ya jawo su ba, motar ma a tsaye take. Wani ya buɗe murfin lagireto injin na tafasa, ruwa ya watso masa a fuska. Wani ya zuƙi fetur da tiyo ya sarƙe shi. Wani kuma ya duƙufa a cikin bonet a tsakiyar titi, wata motar ta zo ta baya ta kwashe shi. Duk asalinsu ɗaya ne: mota ta mutu, ta ƙi tashi, hankali ya tashi, aka shiga taɓe-taɓe ba a san inda matsalar take ba. Shi ya sa nake ganin sanin dalilin mutuwar mota ya shafi lafiyar jikinka kamar yadda ya shafi aljihunka.

Idan injin ya ɗauke kana cikin tafiya, sitiyari zai yi maka nauyi. Birki zai kama da sauƙi sau ɗaya ko biyu, daga nan ya yi tauri, domin abin da ke taimaka masa daga injin yake samun ƙarfi. Birkin bai mutu ba, ƙarfin ƙafa yake nema. Ka taka ka riƙe, kada ka riƙa takawa kana saki. Kada kuma ka zare makulli motar na gangarawa, sitiyari zai iya kullewa a hannunka. Kunna fitilun gargaɗi duka huɗu, lallaɓa ta zuwa gefen hanya, ja birkin hannu. Fasinjoji su fita ta ƙofar da ba ta kallon titi, su ja da baya nesa da motar, musamman yara. Alamar nan ja mai kusurwa uku ka kai ta baya kamar mita 45 ko fiye, ba gindin mota ba, inda mai zuwa da gudu ba zai gan ta ba sai ya iso.

To, kafin ka sake murɗa makulli, ka tambayi kanka: yaya aka yi ta mutu? Likita ba ya rubuta magani sai ya ji yadda ciwo ya fara, haka ma a nan. Idan ta yi ta tari tana fizga, ƙarfinta na raguwa kafin ta ɗauke, yawanci maganar mai ce. Idan ta ɗauke farat ɗaya kamar an kashe ta da makulli, ka fi zargin ɓangaren wuta, ko sansa (ƴar na'urar da ke auna aikin injin), ko taimin bel (bel ɗin da ke daidaita lokacin motsin sassan cikin injin). Idan kuwa fitilu ne suka yi ta dusashewa, rediyo ya ɗauke, jan hoton batir ya fito a dashbod tun kafin ta mutu, to altaneta, na'urar da ke cajin batir, ita ce ta daina caji, motar ta cinye abin da ke cikin batir ta tsaya.

Akwai yanayi uku da nake roƙon ka kada ka gwada tayar da ita ko sau ɗaya. Idan a cikin ruwa ta mutu, mai yiwuwa injin ya zuƙi ruwa ta hanyar shan iskarsa. Ruwa ba ya matsuwa yadda iska ke matsuwa, don haka murɗawa ɗaya na iya lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da fistin. Idan jar fitilar baƙin mai ta kama, ko ka ji ƙwanƙwasa mai nauyi daga injin kafin ya ɗauke, zaro sandar awon baƙin mai ka duba. Tayar da injin da ba baƙin mai a cikinsa shi ne buga shi. Na uku shi ne zafi, wato allura ta kai ja, tururi na fita daga bonet. A nan ne aka fi jin ciwo. Ruwan da ke cikin lagireto a matse yake, zafinsa yana wuce digiri 100 bai tafasa ba, amma kana sassauta murfin zai tafasa a take ya yi tsartuwa sama. Ka ba shi aƙalla rabin sa'a, kada ka kusanci murfin sai ka iya ɗora hannu a kan babban tiyon sama ba ka ji ƙuna ba. Wanda tsautsayi ya riga ya faɗa masa, a yi ta zuba masa ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har tsawon minti 20, a cire masa zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi asibiti. Kada a shafa baƙin mai, kada a shafa man goge baki, kada a sa ƙanƙara.

Idan babu ɗaya daga cikin ukun nan, kashe rediyo da fanka, ka ce kowa ya yi shiru, domin kunne ne zai yi aiki yanzu. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ka tsaya nan. Ba su kama ba sam? Buɗe bonet ka dubi kawunan batir. Sau da yawa za ka tarar wani farin gari ko shuɗi-shuɗi ya taru a kansu, ko kuma ka kama wayar ka ji tana juyawa a hannunka. Wannan kaɗai ya isa ya kashe mota, kuma ɗaurewa da gogewa ne maganinsa. Ka cire zobe da agogon ƙarfe kafin ka kai hannu, kada kuma sifana ta haɗa kawunan biyu.

Fitilu sun kama, sai ka ba ta kik. Idan ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilu na lumshewa, batir ne ya yi sanyi. Mai na'urar awon wuta zai iya tabbatarwa: lafiyayyen batir da ya cika yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota na kashe, wanda ya sauko 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. In injin ya tashi, awon ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, altaneta ko bel ɗinta ne, kuma ko sabon batir ka sa, za ta sake mutuwa a gaba. Mutane da yawa sun sayi batir a banza saboda rashin wannan awo. Idan kuma ƙas ɗaya ka ji fitilu ba su rage haske ba, kik ɗin ne ko wayoyinsa. In shiru ne gaba ɗaya, tabbatar giyar atomatik na kan P ko N, mai manuwal kuma ya taka kuloci har ƙasa.

Wajen haɗa batir da na wata mota ana yin ganganci. Batir yana fitar da iskar haidirojin, tartsatsi ɗaya na iya fasa shi, ruwan cikinsa kuma asid ne mai makantarwa. Jar waya daga kan mai alamar tarawa zuwa mai alamar tarawa. Baƙar waya daga kan mai alamar ragewa na lafiyayyen batir, ɗaya bakin kuma ka maƙala shi a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batirin. Ba sigari a wurin. Wanda ruwan batir ya fallatsa wa a ido, a yi ta wanke idon da ruwa ba ƙaƙƙautawa na aƙalla minti 15, sannan asibiti.

Wanda ya fi ɗaure kai shi ne injin yana juyawa lafiya lau amma ya ƙi kamawa. Injin fetur yana buƙatar mai, da iska, da tartsatsin fulogi, da matsi a cikin silinda, kuma kowanne a kan lokacinsa. Fara da mai, kada ka amince da allura ɗari bisa ɗari, tana maƙalewa. A yawancin motocin zamani famfon mai a cikin tanki yake. Kana kunna makulli zai yi wani siririn ƙugi na daƙiƙa biyu ko uku daga bayan mota. Sa wani ya buɗe murfin tanki ya kasa kunne. In shiru ne, kafin ka yanke wa famfon hukunci, dubi fis ɗinsa da rilai. Jikin murfin akwatin fis akwai zanen da ke nuna kowanne. Fis ɗin da ya ƙone za ka ga siririn ƙarfen cikinsa ya tsinke. Ka maye shi da mai lamba iri ɗaya. Ɗaure shi da waya ko takardar gwangwani hanya ce ta kunna wa mota gobara, kuma in sabon ya sake ƙonewa, akwai wayar da ke haɗuwa a wani wuri, sai mai gyaran waya.

Motar da ke mutuwa idan ta yi zafi, ta ƙi tashi, bayan ta huce kuma ta tashi kamar ba ita ba, sau da yawa sansar da ke karanta juyawar kiranshaf, wato babban ƙarfen da fistin ke juyawa, ita ce ta gaji. In ba ta aika saƙo ba, ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ba za ta saki mai ko wuta ba. Idan kuma ka ji kik yana juya injin da wani irin sauri da sauƙi da ba ka saba ji ba, saki makulli nan take. Alama ce ta tsinkewar taimin bel, kuma a injina da yawa fistin yana dukan bawul idan hakan ta faru. Fitila mai hoton makulli da ke ƙyaftawa kuwa tana nufin motar ba ta gane makullin ba, gwada na ajiya. Mai dizal da mai ya ƙare masa, iska ta shiga layin mai, sai an fitar da ita da ɗan famfon hannu da ke kan matatar mai a motoci da dama.

Kowane gwaji kada ya wuce daƙiƙa 10, ka bar kik ya huta kafin na gaba. Sauri kan haifi nawa: yawan murɗawa zai ƙona kik ya shanye batir, matsala ɗaya ta koma uku. Ka kuma guji dabarar tsiyaya fetur a bakin shan iska wani na ba da kik, wuta kan dawo baya ta lashe fuska da hannu. Zuƙo fetur da baki ya fi wannan muni, domin ɗan kaɗan ne zai shiga huhu ya ƙona shi. Wanda ya haɗiye, kada a sa shi amai, aman ne ke tura shi huhu. A kai shi asibiti ko da yana cewa lafiyarsa lau, tari da sarƙewar numfashi kan biyo baya bayan sa'o'i. Kada ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ne ke riƙe da ita. Mota atomatik ba ta tashi da turi, kada a wahalar da jama'a a kan titi. In kuma a gareji ake gwajin, a buɗe ƙofa, hayaƙin salansa yana ɗauke da iska mai guba da ba ta da wari ko launi.

In abin ya fi ƙarfinka, kira bakanike, ka ba shi labarin a jere: gudun da kake yi, ƙarar da ka ji, fitilar da ta kama, inda ka sha mai na ƙarshe, gyaran da aka yi mata kwanan nan. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin dashbod, Turai ma ta bi sahu daga baya. Nan ake jona na'urar da ke karanta laifin da ƙwaƙwalwar mota ta adana. Lamba P0335, alal misali, layin sansar kiranshaf take nunawa. Ka nemi a jona na'urar a karanta kafin a cire kan batir, domin a wasu motocin cirewar tana goge bayanin, kuma ka nemi a gwada wayar da soket ɗin sansar kafin ka yarda a sayo sabuwa.