Ɗaukar hoton ƙwayoyin halitta mai fuska uku da madubin elektiron

Ɗaukar hoto mai fuska uku da madubin elektiron, wato na'urar ƙara girman abu da ke amfani da elektiron (ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki) a maimakon haske, rukunin dabaru ne da ake bi don ganin cikin ƙwayar halitta ko tsokar jiki ta tsawo da faɗi da zurfi, a ma'aunin nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Madubin da ke aiki da haske ba ya iya rarrabe abubuwa biyu idan tazararsu ta gaza kimanin nanomita 200. Wannan ne ya sa aka koma ga elektiron, tun bayan da Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubin elektiron na farko a Balin ta Jamus a 1931.

Cikas ɗin shi ne elektiron ba ya ratsa abu mai kauri, don haka kowane hoto yanki ne siriri kawai. Tsohuwar hanya ita ce a ƙafar da tsokar da sinadari, a rina ta da ƙarfe mai nauyi irin su osmiyom da dalma, a daskarar da ita cikin roba, sannan a yayyanka ta da wuƙar lu'ulu'u, a ɗauki hoton kowane yanki, a jera su. Da haka John White da Sydney Brenner da abokan aikinsu suka fitar da taswirar ƙwayoyin jijiya 302 na tsutsar C. elegans a 1986, aikin da ya ci shekaru fiye da goma.

A 2004 Winfried Denk da Heinz Horstmann suka sanya wuƙar cikin madubin kansa: a ɗauki hoton saman dunƙulen robar da tsokar ke ciki, a fere shi kaɗan, a sake ɗauka. Wata hanyar, FIB-SEM, tana kankare saman da harbin ƙwayoyin ƙarfen galiyom, tana cire 'yan nanomita kawai a kowane zagaye. Hotonta ya fi fitowa sarai, amma yankin da take iya ci ƙarami ne. A duka biyun, abin da aka fere ya tafi ke nan. Akwai kuma tomogirafi, inda ake karkata yanki ɗaya zuwa kusan digiri 60 ta kowane gefe, kwamfuta ta haɗa hotunan. Idan aka ƙanƙarar da samfurin cikin gaggawa ba tare da rini ba, ana ganin sunadarai a mazauninsu na asali.

A yau nauyin aikin ya fi karkata ga sarrafa bayanai. A 2024 masu bincike na Jami'ar Harvard da kamfanin Google suka wallafa taswirar yankin ƙwaƙwalwar ɗan Adam mai girman milimita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma hotunansa suka kai petabayit 1.4 (petabayit ɗaya gigabayit miliyan ɗaya ne), ɗauke da ƙwayoyi kusan 57,000. Ƙirƙirarriyar basira ce ke bin sawun jijiyoyin, mutane kuma suna gyara kurakuranta da hannu. Samfurin kuwa dole matacce ne, domin cikin madubin babu iska.