Jarrabawar CAPM

CAPM takardar shaida ce ta matakin farko a fannin tsarawa da gudanar da ayyuka, wadda cibiyar PMI ta ƙasar Amurka take bayarwa ga wanda ya ci jarrabawarta. An kafa PMI a shekarar 1969, kuma ta fi shahara da babbar takardarta ta PMP, wadda aka fara bayarwa a 1984 ga ƙwararrun da suka daɗe suna jagorantar ayyuka. A 2003 ne cibiyar ta ɓullo da CAPM saboda ɗalibai da sababbin ma'aikata waɗanda ba su tara shekarun aikin da PMP take buƙata ba.

A wannan fanni, kalmar aiki tana nufin hidima mai farko da ƙarshe, wadda ake yi don samar da wani abu takamaimai, kamar gina asibitin ƙauye, ko haƙa rijiyar burtsatse, ko ƙirƙirar manhajar waya. Hidimar yau da kullum, irin ta biyan albashi a ƙarshen kowane wata, ba ta cikin wannan ma'ana. A jihohin Bauchi da Gombe, masu neman takardar sun haɗa da waɗanda suka gama Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, da Jami'ar Jihar Gombe, da Jami'ar Tarayya ta Kashere, da masu yi wa ƙasa hidima, da kuma ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da kamfanonin gine-gine, inda rubuta jadawali da kasafi da rahoto ya zama abincin yau da gobe.

Sharuɗɗa da rajista

Sharuɗɗan shiga guda biyu ne: takardar kammala sakandare ko makamanciyarta, da shaidar samun horo na awa 23 a fannin gudanar da ayyuka kafin ranar jarrabawa. Ana iya samun wannan horo daga kwas ɗin PMI na intanet, ko daga cibiyoyin da ta amince da su, ko daga darasin da mutum ya ɗauka a makaranta. Ana cike takardar nema a shafin PMI, kuma cibiyar takan zaɓi wasu daga cikin masu nema ta buƙaci su kawo hujjar abin da suka rubuta, saboda haka adana takardar kammala horon wajibi ne. Dole sunan da aka yi rajista da shi ya yi daidai da wanda ke jikin katin shaida, kuma wannan abin lura ne ga mutanenmu, domin sau da yawa akan sami Muhammad a takarda ɗaya, Mohammed a wata, ko sunan mahaifi ya riga na yanka.

Da dalar Amurka ake biyan kuɗin jarrabawa, abin da ya sa nauyinsa yake hawa da sauka tare da darajar naira. 'Yan ƙungiyar PMI suna samun ragi, kuma suna iya sauke littafin PMBOK, wato jagoran PMI kan gudanar da ayyuka, ba tare da sun ƙara ko kwabo ba. Wanda aka amince da takardarsa yana da shekara guda, kuma a cikinta yana iya zama jarrabawar har sau uku, yana biyan kuɗi a kowane zama.

Tsarin jarrabawar

Tambayoyi 150 ne a cikin awa uku, wato kimanin daƙiƙa 72 ga kowace tambaya. Guda 15 daga ciki na gwaji ne da ba a ba su maki, amma ba a nuna wa mai rubutawa ko waɗanne ne. Akwai hutun minti goma bayan tambaya ta 75, kuma wanda ya tafi hutun ba zai iya komawa kan tambayoyin da ya bari a baya ba. PMI ba ta bayyana makin da ake ci da shi. Sakamakon yana nuna an ci ko an faɗi, tare da matsayin mutum a kowane sashe.

Tun daga watan Yuli na 2023, an kasa jarrabawar kashi huɗu. Tushen fannin da manyan ma'anoninsa suna ɗaukar kashi 36 cikin ɗari, nazarin buƙatun kasuwanci kashi 27, hanyoyin Agile, wato yin aiki kaɗan-kaɗan ana gwadawa ana gyarawa, kashi 20, sai hanyar tsara komai tun farko kashi 17. Wannan sauyi yana da muhimmanci ƙwarai, domin tsohuwar jarrabawar ta dogara ne kacokan kan bugu na shida na PMBOK, na shekarar 2017, mai matakai 49, kuma da yawa sun ci ta da hadda. Bugu na bakwai, na 2021, ya koma kan ƙa'idoji 12 da fagagen aiki 8. Har yanzu tsofaffin littattafai da tambayoyin gwaji suna yawo a zaurukan WhatsApp, kuma ɗalibin da ya dogara da su kaɗai zai tarar fiye da kwata na jarrabawar, wato nazarin buƙatu, bai taɓa karanta shi ba.

Abin da ake karantawa

Hanyar tsara komai tun farko ita ce ta fi kusa da abin da aka saba gani a wurin gini. A ɗauka an ba ɗan kwangila gina ajujuwa uku a wani ƙauye na Ƙaramar Hukumar Dukku. Harsashi zai ci kwana 10, jera bulo kwana 15, rufi kwana 8, filasta da fenti kwana 7, kuma babu wanda za a fara sai na gabansa ya ƙare. Jimlarsu kwana 40 ne, kuma wannan jeri shi ne hanya mafi tsawo, wadda jinkirin yini ɗaya a kanta yake ɗage ranar miƙa ginin. Kafintan da zai haɗa bencina a cikin kwana 20 yana da rarar kwana 20, tun da ba a buƙatar kayansa sai fenti ya bushe. Jarrabawar takan kawo irin wannan zane ta tambayi wane aiki ne za a iya jinkirtawa ba tare da an taɓa wa'adi ba.

Daga nan sai lissafin ƙimar aikin da aka kammala, wanda yake tsorata ɗalibai da yawa alhali kuwa bai wuce ragewa da rabawa ba. Idan an tsara cewa zuwa yau za a gama aikin naira miliyan 10, wannan shi ne PV. Idan abin da aka gama a ƙasa na miliyan 8 ne, shi ne EV, kuma idan an riga an kashe miliyan 9, shi ne AC. Raba EV da AC yana ba da CPI na 0.89, ma'ana kowace naira da aka kashe aikin kwabo 89 ta haifar. Raba EV da PV yana ba da SPI na 0.8, ma'ana aikin yana bayan jadawali. Duk adadin da ya gaza 1 alamar matsala ce, kuma wanda ya gane dalilin haka ba ya buƙatar rubuta ƙa'idar a tafin hannu.

Agile hanya ce da masu rubuta manhaja suka bayyana aƙidarta a 2001, kuma ta dace da aikin da ba a san cikakkiyar siffarsa tun farko ba. Masu haɗa manhajar da za ta riƙa sanar da manoma farashin masara da wake a kasuwar Gombe ba za su rufe ƙofa wata shida ba. Za su fito da ɗan abu mai aiki, su ba manoma su gwada, su gyara. A tsarin Scrum, ɗaya daga cikin hanyoyin Agile, ana aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata guda ba, tare da taron minti 15 a kowace rana. Kanban kuwa, wanda ya samo asali daga masana'antar Toyota a Japan, allo ne da ke nuna abin da ke jira, da wanda ake kai, da wanda aka gama.

Sashen nazarin buƙatu shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma shi ne ya fi shafar rayuwar jama'a. Yana koyar da yadda ake gano masu ruwa da tsaki, da yadda ake jin ainihin buƙatarsu ta hira ko taro ko lura, da yadda ake bin kowace buƙata har a tabbatar an biya ta. Rijiyar burtsatsen da aka haƙa bayan an gana da hakimi da dagaci da masu unguwanni, amma ba a tambayi mata da yaran da ke ɗiban ruwan ba, tana iya ƙarewa a wurin da ba mai zuwa. A lissafin kuɗi da lokaci aikin ya yi nasara, a idon mutanen gari kuwa bai yi ba, kuma wannan bambanci ne sashen yake gwadawa.

Yadda ake shiri

Mafarin shiri shi ne sauke jadawalin abubuwan jarrabawa daga shafin PMI, domin daga shi ake tsara tambayoyin. Ba a fassara jarrabawar zuwa Hausa ba, kuma da yawa daga tambayoyin gajeren labari ne da ke ƙarewa da tambayar me ya kamata a fara yi, inda amsoshi biyu za su yi kama da daidai. Saboda haka saurin karanta Turanci da fahimtarsa rabin shiri ne. Masu karatu a rukuni sukan amfana idan ɗaya ya bayyana ma'anar kalma da Hausa, da misalin aikin da kowa ya sani, sannan a koma a riƙe lafazinta na Turanci yadda zai fito. Ya kamata a zauna cikakkiyar jarrabawar gwaji ta awa uku aƙalla sau biyu, da agogo a gaba, a kuma bi kowace amsar da aka kuskure a gano dalilinta.

Kamfanin Pearson VUE ne yake gudanar da jarrabawar, ko a cibiyarsa ko a gida ta intanet. Rubutawa a gida yana buƙatar kwamfuta mai kyamara da makirufo, da ɗakin da babu mai shiga, da tebur wanda babu takarda ko waya a kai, kuma mai sa ido yana kallo daga nesa har a tashi. A gidan da yara ke kai da komo, baƙi ke sallama, wuta kuma ba ta da tabbas, wannan sharaɗi yana da wuyar cikawa. Wanda ya zaɓi gida sai ya tanadi sola ko janareta, ya gwada layinsa da manhajar kamfanin kwanaki kafin ranar. Wasu sukan gwammace su biya kuɗin mota zuwa cibiya a Abuja, su kwana, su rubuta hankali kwance.

Bayan cin jarrabawa

Takardar tana aiki shekara uku, kuma ana sabunta ta da tara maki 15 na ƙarin ilimi a cikin wannan lokaci. Mai CAPM da ya zo neman PMP ba ya buƙatar sake kawo shaidar horon awa 35 da ake nema a wurin sauran, sai dai shekarun jagorantar aiki suna nan a kansa. Akwai wasu takardun matakin farko, kamar PRINCE2 Foundation wadda ta samo asali daga Birtaniya, saboda haka yana da kyau mai nema ya duba wadda wuraren aikin da yake hari suke ambata a tallarsu kafin ya fitar da kuɗinsa.