Ma'anar "ɗan asali": jinin sarauta ne ko dattaku?

A kasuwar Garwa ko ta Marwa, a arewacin Kamaru, idan aka ce wane ɗan asali ne, mai sauraro yakan ɗan dakata kafin ya gane inda maganar ta dosa, domin kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu waɗanda ba kullum suke haɗuwa a jikin mutum ɗaya ba. Wani lokaci ana nufin cewa ya fito daga babban gida, wato gidan sarauta ko na malanta ko na tsohon arziki, wanda za a iya lissafa kakanninsa ba tare da an sunkuyar da kai ba. Wani lokaci kuma ana nufin halinsa kawai: ba ya cin amana, ba ya tona asirin wanda ya taimaka wa, kuma idan ya yi magana ba ya janye ta. 'Ya'yanmu da suke karatun boko da Faransanci suna cin karo da irin wannan ruɗani a kalmar "noblesse", wadda take nufin ajin masu sarauta a darasin tarihi, sannan ta koma nufin girman hali a darasin adabi.

Tushen maganar yana cikin kalmar "ɗa" kanta. A tsohuwar Hausa ɗa kishiyar bawa ne, kuma daga nan aka sami "'yanci" da "ɗiyauci". Saboda haka idan aka ce mutum ya yi halin 'ya'ya, ana yabon kyawun ɗabi'arsa ne da kalmar da asalinta matsayin haihuwa take nunawa. Maƙwabtanmu Fulani suna da irin wannan tsari: "dimo" shi ne ɗa, jam'insa "rimɓe", kishiyarsu "maccuɓe", kuma "ndimaaku" tana nufin 'yanci da mutunci gaba ɗaya. Wannan yana nuna cewa al'ummar da ta ƙirƙiri kalmomin ta ɗauka kyawun hali gado ne na masu 'yanci, ɗaukar da, a ganina, ta zalunci mutane da yawa waɗanda aka haifa cikin bauta alhali sun fi iyayengijinsu riƙon amana.

Ta fuskar aji kuwa, rabon da kowa ya sani shi ne na masu sarauta da talakawa. A arewacin Kamaru wannan tsari ya ɗauki siffarsa ta yanzu ne bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a farkon ƙarni na 19, aka kafa ƙasar Fombina wadda daga baya Yola ta zama babban birninta, lamidon Garwa da na Marwa da na Ngaundare da na Rai Buba kowa yana riƙe da ƙasarsa. Abin da ya kamata Bahaushe ya lura da shi shi ne cewa majalisar lamido sunanta "faada", wato fadarmu ce aka ara, kuma sunayen sarautun cikinta da yawa na Hausa ne ko na Barebari: Galadima da Kaigama da Sarkin Yaƙi da Sarkin Shanu da Ajiya. A nan ne ake ganin cewa sarauta da asali ba abu ɗaya ba ne. Kujerar lamido ta 'yan gida ce, ba a samunta sai da jini, amma akwai manyan muƙaman fada waɗanda bayin sarki suke riƙewa, kamar yadda Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suka kasance a Kano, kuma irin waɗannan sau da yawa sun fi 'ya'yan sarki ƙarfin faɗa a ji, domin sarki ya fi amincewa da wanda ba zai taɓa neman gadonsa ba. Haka nan Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango a garuruwanmu yakan sami rawani ne saboda jagorancin fatake da baƙi, ko da kakansa da jaki da kayan koli ya shigo garin.

Faransa, wadda tarihinta ya cika littattafan makarantunmu, ta san wannan bambanci: akwai masu sarautar takobi, waɗanda suka gaji matsayinsu daga kakanni mayaƙa, akwai kuma masu sarautar alkyabba, waɗanda suka same shi ta hanyar muƙaman shari'a da mulki, wani lokaci ma da kuɗi suka saya. A daren 4 ga Agusta 1789 majalisar juyin juya hali ta soke gatancin da suke da shi, a watan Yuni 1790 kuma ta soke sarautar gado ɗungurungum. A Kamaru abin bai bi wannan hanya ba. Jamusawa da suka ci Garwa a 1901 da Marwa a 1902 sun bar tsarin sarauta a wurinsa, Faransawa ma haka, sannan dokar shugaban ƙasa ta 15 ga Yuli 1977 ta kasa masarautun gargajiya zuwa daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku, ta mai da sarakuna mataimakan hukuma. Rawani ya tsira, amma ikon yanke hukunci da na tara haraji yadda aka san shi a da ya koma hannun gwamnati.

Adabin baka shi ne ya fi bayyana abin da jama'a suke tsammani daga ɗan asali. Maroƙi a ƙofar fada ranar hawan salla yakan fara da jera sunayen kakanni, amma ba ya tsayawa a nan, sai ya zarce zuwa kyauta da haƙuri da kawar da kai, saboda ya san jini kaɗai ba ya sa a yi guɗa. Idan ya juya ga zambo kuwa, ɗan sarkin da yake caccaka ba a cika musanta asalinsa ba, rowa ake jingina masa da ƙaranta da son abin hannun talaka, wato ana cewa ya gaji gida bai gaji hali ba. Karin magana ma ta rabu gida biyu a kan batun. Wadda ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe tana goyon bayan gado, wadda ta ce albasa ba ta yi halin ruwa ba kuma tana shaida cewa gidan kirki yana iya fitar da wanda bai yi kama da shi ba. Malamai sun shigo da nasu ma'auni daga Suratul Hujurati, inda aka bayyana cewa mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi taƙawa, kuma jihadin da ya kafa waɗannan masarautu da kansa ya faro ne da sukar zaluncin sarakunan Hausa na lokacin.

Saboda wannan ne nake ganin kalmar "dattaku" ta fi dacewa idan hali ake nufi, domin ba ta tambayar uban kowa. Ana iya cewa matashi ya nuna dattaku idan ya danne fushinsa a gaban wanda bai kai shi ƙarfi ba, ko ya yafe bashi ba tare da ya yi shela ba, kuma tana kusa da abin da Fulani suke taƙama da shi a "pulaaku", wato kunya da haƙuri da hankali. "Asali" kuwa har yanzu ta fi nauyi a wurin neman aure, inda dangin yarinya sukan tura a binciko asalin manemi, kuma a wasu gidaje tambayar ba ta tsaya ga sana'arsa da sallarsa ba, tana kaiwa ga ko kakanninsa 'ya'ya ne, ko maƙera, ko mahauta, ko waɗanda aka 'yanta, ko da shi kansa likita ne a Yawunde.